Martani Ga Mai Cewa Likitocin Bangui Ba Sa Buƙatar Laburare

Na karanta maƙalar da ɗan'uwanmu, kuma maƙwabcinmu a nan Kilomita Biyar, ya rubuta yana sukar masu kiran a raya laburaren likitanci a Bangui, a kuma horar da ma'aikatansa yadda za su riƙa dafa wa likitoci masu bincike idan sun tashi tattara duk abin da aka taɓa ganowa a kan wata cuta ko wani magani. Malam mutum ne da ba ya magana da ka, kuma zafin da ke cikin alƙalaminsa zafin kishin jama'a ne. Sai dai kishi daban, dacewa daban. A wannan karon ya kuskure, kuma kuskuren zai yi mana tsada idan masu riƙe da kuɗin lafiya suka ɗauke shi da gaske.

Hujjojinsa uku ne. Ta farko, mahaifin da ɗansa ke kwance da zazzaɓi a unguwar Yakité allura yake nema, don haka kashe ko sisi a kan laburare almubazzaranci ne. Ta biyu, wayar hannu ta riga ta binne laburare, tunda likita na iya tambayar Google ko ChatGPT ya sami amsa nan take. Ta uku, wannan aikin tattarawa kwafar abin da Turawa suka rubuta ne kawai, gara likitocinmu su yi nasu binciken daga tushe.

Ba na musun halin da ya kwatanta. Duk wanda ya zauna a unguwar nan tun daga Disambar 2013 ya san lokacin da fita daga Kilomita Biyar, wato PK5, ke nufin sayar da rai, mace na naƙuda amma ba halin kai ta gidan haihuwa na Castors, ya kuma san yadda jama'a suka dogara da cibiyar lafiya ta Mamadou Mbaïki da agajin ƙungiyar MSF. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce a cikin haihuwa 100,000 a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, mata 835 ke rasa ransu. Mun yarda da ciwon, Malam. A kan maganin ne muka rabu.

Mene ne aikin da ake magana a kai?

Kafin mu yi gardama, mu san abin da muke gardama a kansa. Tsararriyar bita aiki ne mai matakai sanannu. Likita zai tsayar da tambaya guda: wane irin mara lafiya, wane magani, a kwatanta shi da me, kuma wane sakamako ake dubawa. Sai ya rubuta yadda zai gudanar da aikin tun kafin ya fara, ya yi masa rajista a rumbun PROSPERO da Jami'ar York ta Ingila ta buɗe a 2011, domin kada daga baya ya karkata zuwa inda ransa ke so. Daga nan a shiga rumbunan bayanai a lalubo duk binciken da ya taɓo tambayar, a cire maimaici, mutum biyu su tace sauran kowa shi kaɗai, a auna ingancin kowane bincike, sannan a haɗa alƙaluman idan sun haɗu. A ƙarshe a bayyana kowane mataki bisa ƙa'idar PRISMA, wadda ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2020, ta yadda wani a Kano ko Dakar zai bi sawun aikin ya ga ko zai iso inda aka iso. Wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna cewa irin wannan aiki kan ci kimanin mako 67.

Duk ginin nan a kan lalube yake zaune. Abin da ba a samo ba, ba za a tace shi ba, ba kuma za a auna shi ba. Laluben kuwa shi ne sana'ar ma'aikacin laburare.

Ga misalin da ya shafi yaranmu kai tsaye. A 2013 an buga sakamakon wani gwaji daga Malawi wanda ya nuna cewa yara masu tamowa mai tsanani da ake jinya a gida sun fi warkewa, mutuwa kuma ta ragu, idan aka haɗa musu da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin. A 2016 sai ga wani gwajin daga Madarounfa a jihar Maraɗi, wanda cibiyar Epicentre ta MSF ta gudanar a kan yara kusan 2,400, ya nuna cewa amoxicillin bai ƙara yawan masu warkewa ba, ko da yake ya ɗan rage waɗanda sai an kwantar da su. Mujalla ɗaya ce ta buga duka biyun. To likitar da ke duba yara a babban asibitin yara na Bangui, wanne za ta bi? Idan ta ci karo da ɗaya kawai, za ta yi aiki da rabin gaskiya tana zaton ta riƙe dukkanta. Sai an ajiye su gefe da gefe, an dubi bambancin yaran, yawan masu ɗauke da cutar ƙanjamau a cikinsu da irin kulawar da suka samu, sannan za ta san wanne ya fi kama da yaran da ke gabanta.

Batun almubazzaranci

Malam ya ce talaka ba ya da rarar da zai kashe a kan takardu. Ni kuwa na ce talaka ne ya fi kowa rashin rarar da zai biya kuɗin ilimi ɗaya sau biyu, sau ɗaya da kuɗi, sau ɗaya da rai.

A 1982 wasu masana Jamusawa sun buga bincike a wata mujallar ilimin ƙwayoyin cuta ta Cibiyar Pasteur da ke Faris. Sun sami alamun Ebola a jinin mutanen Laberiya, suka ce ya kamata a lissafa ƙasar cikin yankin da cutar ke iya ɓulla. Shekara talatin da biyu bayan haka cutar ta faɗa wa Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe mutum fiye da 11,000, a yankin da aka daɗe ana cewa ba gidanta ba ne. A Afrilun 2015 Dokta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, ta rubuta a jaridar New York Times tare da abokan aikinta biyu cewa sai bayan annobar suka ci karo da wannan gargaɗi, kuma kuɗin sauke takarda ɗaya irinta ya kai kusan rabin albashin mako na likitan ƙasar. Takarda ba ta tare annoba, amma likitan da ya san da ita zai yi zargin Ebola tun ranar da ya ga mara lafiya na farko. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada mu ɗauka labarin na nesa ne. A 2000 an buga wani bincike da masanan Cibiyar Pasteur ta Bangui suka sa hannu a ciki, wanda ya sami alamun Ebola a jinin mazauna dajin Lobaye. Wa ke da alhakin tabbatar da cewa sabon likitan da aka tura Mbaïki, a yankin na Lobaye, ya san da wannan? Idan amsar ita ce babu kowa, to gurbin da ake cewa a cike ke nan.

Sannan kuɗin da Malam ke tsoro bai kai yadda yake zato ba. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin ɗab'i ta buɗe shirin Hinari, wanda yanzu yake ƙarƙashin Research4Life. Jami'o'i da asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike na ƙasashe irin Afirka ta Tsakiya da Nijar suna samun dubban mujallun likitanci kyauta ta wannan hanya. Rumbun PubMed kyauta ne tun 1997. Manhajar Zotero ta adana madogara kyauta ce, Rayyan kuma, wadda aka ƙirƙira a Ƙatar don tace takardu, ana iya fara aiki da ita ba a biya ba. Ƙofar a buɗe take. Abin da ake nema shi ne mutumin da zai yi wa cibiya rajista, ya riƙe mabuɗin shiga, ya koya wa ɗalibai da malamai, ya zauna da mai bincike su gina laluben tare. Albashinsa da 'yan kwamfutoci da wutar sola ba su kai kuɗin motar ofis guda ba.

A 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou sun yi ƙiyasi a mujallar Lancet cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na abin da ake zubawa a binciken lafiya a duniya asara ne, kuma cikin manyan dalilan akwai fara bincike ba tare da duba abin da aka riga aka sani ba. Malam ɗan kasuwa ne ɗan 'yan kasuwa. Ya san hukuncin da za a yanke wa yaron shagon da ya aika kuɗi Duwala, ya biya mota ta Garoua-Boulaï da Béloko, ya biya kwastan, kaya suka iso, sai aka buɗe sito aka tarar irinsu na nan jibge tun bara. Mai lissafin sito ba ya sayar da ko ƙyalle, amma babu mai hankalin da zai kore shi don a rage kashe kuɗi.

Batun wayar hannu

Hujja ta biyu ita ce ta fi ruɗar matasa, don haka zan daɗe a kanta.

A ce likita na son duk abin da aka rubuta a kan wata cuta a ƙasar nan. Wane suna zai rubuta? Kafin 1958 sunan ƙasar Oubangui-Chari. Daga 1976 zuwa 1979, zamanin Bokassa, daula ce ake kiranta. A Faransanci wani zai rubuta Centrafrique, wani République centrafricaine, wani RCA. Idan ya rubuta gajeren sunan Ingilishi, CAR, rumbun zai zubo masa dubban takardu a kan haɗarin mota da kan wani sabon maganin sankara da ake kira CAR-T. Ɗan'uwansa na Maraɗi da ya rubuta Niger zai tarar da tulin bincike a kan wata fumfuna mai suna Aspergillus niger. Mai neman Gini da Ingilishi zai sha fama da takardun ɓerayen gwaji, domin sunansu ɗaya. Ƙyandar biri kanta an sauya mata suna a Nuwambar 2022, ta koma mpox, ga kuma sunayenta na Faransanci. Wanda ya nemi sabon suna kaɗai ya zubar da rubutun shekara hamsin, tunda a 1970 aka fara ganin cutar a jikin ɗan Adam.

Ma'aikacin laburaren likitanci ya san waɗannan ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ya san ƙamus ɗin kalmomin da Laburaren Likitanci na Amurka ke yi wa kowace takarda laƙabi da su, ya san fassararsa ta Faransanci, ya san yadda ake haɗa kalmomi a faɗaɗa ko a ƙuntata, ya san cewa jimlar lalube da ta yi aiki a wannan rumbu sai an sake mata fasali kafin ta yi a wancan. Wani nazari da Melissa Rethlefsen da abokan aikinta suka buga a 2015 ya nuna cewa bitar da ma'aikacin laburare ke cikin marubutanta ta fi ingancin lalube da bayyana shi yadda za a iya maimaitawa.

Google Scholar yana da amfani, amma ba ya nuna sakamako fiye da 1,000 komai yawan abin da ya ce ya samu, kuma ba ya faɗa maka ƙa'idar da ya bi ya fifita wannan a kan wancan. Ita kuwa ƙirƙirarriyar basira, wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2023 ya gwada madogaran da ChatGPT ke bayarwa, ya tarar cewa kashi 55 cikin ɗari na waɗanda tsohon samfurin ya kawo ƙirƙirarru ne, babu su a duniya, sabon samfurin na lokacin kuma kashi 18. Na yarda waɗannan na'urori suna ƙara kyau, kuma ma'aikatan laburare da kansu suna amfani da su wajen rage wahalar tacewa. Amma na'urar da za ta ba ka sunan marubuci da shekara da lambar shafi na takardar da ba a taɓa rubutawa ba, dole a sami mai bin bayanta.

Idan Malam na ganin wannan matsalar ƙananan likitoci ce, ga abin da ya faru a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wadda ke sahun gaba a duniya. A 2001 ana wani bincike a kan asma, aka ba wata budurwa lafiyayya 'yar shekara 24 wani sinadari mai suna hexamethonium ta shaƙa. Huhunta ya lalace, ta rasu a watan Yuni. Da aka bi diddigi sai aka tarar tun shekarun 1950 likitoci sun rubuta cewa sinadarin na illata huhu. Laluben da aka yi kafin gwajin bai kai ga waɗannan takardu ba, domin PubMed a wancan lokaci bai koma baya ya wuce tsakiyar shekarun 1960 ba. Gwamnatin Amurka ta dakatar da binciken da take ɗaukar nauyi a kan mutane a jami'ar na ɗan lokaci, jami'ar kuma ta kafa ƙa'idar lalube tare da ma'aikatan laburarenta. Masanin da ya yi gwajin yana da kwamfuta, yana da intanet, yana da digiri. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai ce masa rumbun nan yana da iyaka, a sauka a duba tsofaffin kundaye.

Batun kwafar Turawa

Nan ne nake ganin Malam ya juya maganar a baibai. Kwafa ita ce ka ɗauki abin da aka yi a wani wuri ka ɗora wa mutanenka ba tare da aunawa ba. Tsararriyar bita kuwa ita ce ma'aunin.

A 1972 likitoci biyu a New Zealand, Liggins da Howie, sun nuna cewa allurar sitiroyid ga mai cikin da za ta haifi bakwaini na taimaka wa huhun jariri. Shekaru suka shuɗe asibitoci da yawa ba su ɗauka ba, sai da Patricia Crowley da abokan aikinta suka haɗa gwaje-gwajen wuri guda aka ga amfanin ƙarara. Zanen wannan sakamako ne tambarin ƙungiyar Cochrane da aka kafa a 1993. To amma a 2015 wani babban gwaji a ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Zambiya da Indiya, ya nuna cewa da aka baza allurar a ƙananan cibiyoyin karkara, inda ba a iya tantance watannin ciki daidai, mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya wani gwajin a asibitocin ƙasashe biyar, har da Najeriya, sakamakonsa ya fito a 2020: allurar na ceton rai idan an tabbatar da watannin ciki kuma akwai kulawar da bakwaini ke buƙata. Wanda ya karanta na 1972 kaɗai zai yi wa kowace mai ciki allura. Wanda ya karanta na 2015 kaɗai zai hana kowa. Wanda aka tattaro masa duka shi zai san abin da ya dace da babban asibitin Bangui da abin da bai dace da ƙaramar cibiyar ƙauye ba.

Kuma wa ya ce aikin na Turawa ne? Farfesa Martin Meremikwu na Kalaba, wanda ya jagoranci reshen Cochrane na Najeriya, shi da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwajen ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, suka nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa. A Maris ɗin 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka a yankin Sahel. Ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara duk damina a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, a kan irin wannan hujja suka tsaya. Hujjar kuma ita ce ta fayyace cewa dabarar ta wuraren da zazzaɓin ke taruwa a 'yan watanni ce, don haka Bangui, inda sauro ba ya hutu, sai ta nemi tata hanyar. A 2023 kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin gwajin E-MOTIVE a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kimanin kashi 60 cikin ɗari, ta hanyar shimfiɗar leda mai auna jini da haɗa magunguna a ba da su lokaci guda. Magungunan da aka haɗa an tsamo su ne daga abin da gwaje-gwajen baya suka riga suka tabbatar. Sabon bincike mai kyau a kan tsohon da aka tace yake tsayawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Malam na so mu yi namu binciken, alhali wanda muka riga muka yi yana nan yana ruɓewa. A tsarin karatun likita na ƙasashe masu amfani da Faransanci, ɗalibi ba ya zama dokta sai ya rubuta kundi ya kare shi a gaban malamai. Tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Bangui, jami'ar da aka kafa a 1969, ta yaye likitoci shekara da shekaru, kowannensu da kundinsa a kan marasa lafiyar asibitocinmu. Cibiyar Pasteur ta Bangui tana aiki tun 1961 a kan shawara da ƙyandar biri da tarin fuka da ƙanjamau. Kundayen ɗalibai ba sa shiga PubMed. Mujallun nahiyarmu da yawa ma ba sa ciki. Masu bita a Landan ko Boston sau da yawa sukan taƙaita laluben ga abin da aka rubuta da Ingilishi. Sakamakon haka, a fito da bita a kan cutar da ke kashe mu, a rubuta cewa babu bayanai daga Afirka ta Tsakiya, alhali bayanan na cikin kabad, kwafi ɗaya tak, danshi da gara na aikinsu, a ƙasar da aka wawashe ofisoshi da cibiyoyin lafiya a 2013.

Don toshe wannan giɓi ne ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Brazzaville, tare da ƙungiyar ma'aikatan laburaren lafiya ta Afirka, AHILA, suka kafa African Index Medicus a 1993. Don haka ne aka buɗe African Journals Online a 1998, majalisar CAMES da ke Wagadugu ita ma ta buɗe rumbun kundaye na DICAMES. Amma kundi ba ya tashi da ƙafarsa ya shiga rumbu. Sai wani ya ɗauke shi a na'ura, ya rubuta bayaninsa, ya yi masa laƙabi, ya ɗora. Wannan wanin shi ne ma'aikacin da Malam ke cewa ba a buƙata. Mai kishin binciken gida shi ya kamata ya fi kowa ɗaga murya a kan laburare.

Ƙyandar biri ta isa darasi. A Fabrairun 2022 wata tsararriyar bita ta haɗa rahotannin shekaru da dama daga Kwango da Afirka ta Tsakiya da Najeriya da sauransu, ta nuna cutar na ƙaruwa tun bayan daina rigakafin agana. Bayan wata uku cutar ta watsu a Turai da Amurka. Rahotannin da likitocin Afirka suka rubuta ɗaya-ɗaya ba su yi amo ba sai da aka tara su.

Inda Malam ya yi gaskiya, da abin da ya kamata a yi

Akwai gaskiya guda a maganarsa da ya kamata a riƙe. An cika duniya da bitar da ba ta da amfani, wadda ake yi don neman ƙarin girma a wurin aiki. John Ioannidis na Jami'ar Stanford ya yi dogon rubutu a kan wannan a 2016. Maganin hakan shi ne a tsaurara aikin, kuma tambayar farko da ma'aikacin laburare na ƙwarai ke yi wa mai bincike ita ce: ka tabbata ba a riga an yi wannan bitar ba? Sau da yawa taimakonsa mafi girma shi ne ya miƙo wadda aka gama, ya tanadar wa likita shekara guda ta rayuwarsa. Haka nan gaskiya ne wutar lantarkin da ake jawowa daga Boali ba ta isar birnin, intanet kuma na da tsada duk da zaren fayiba da aka ƙaddamar a 2023. Wannan dalili ne na a tanadi wuri ɗaya mai wuta da layi mai ƙarfi inda kowa zai zo, maimakon a bar kowane ɗalibi yana ƙona kuɗin data a wayarsa.

Abin da nake kira a yi ba shi da yawa. A ware ma'aikatan laburare ko da biyu ne a tsangayar kimiyyar lafiya, a tura su su ƙware a kan lalube. Ba sai an je Turai ba: Cochrane ta buɗe reshe a Yawunde a 2021, inda ake aiki da Faransanci da Ingilishi, ga kuma na Kalaba. A ɗauki duk kundayen likitocin da aka yaye a na'ura, a ɗora su inda duniya za ta gani. A sa darasin lalube cikin karatun ɗalibai kafin su fara kundi. Kwamitin da ke ba da izinin gwaji a kan mutane ya riƙa neman shaidar cewa an yi lalube na ƙwarai kafin ya sa hannu. Ma'aikacin da ya gina laluben kuma a sa sunansa cikin marubuta, domin aikin ilimi ya yi.

Mu ma mutanen Kilomita Biyar muna da rawar takawa. Kasuwar nan ita ce jijiyar cinikin Bangui, kuma attajiranmu sun saba gina masallaci da haƙa rijiya da biya wa marayu kuɗin makaranta. Faranti na sola da batura da na'urar ɗaukar takardu da kuɗin intanet na shekara ga laburaren likitoci, wannan ma sadaka ce mai gudana, domin ilimi ne da ake amfana da shi. Yaranmu na Yakité da Kokoro da Ramandji da ke karatun likita da jinya su ne za su fara cin gajiyarsa, iyayensu da ke layin asibiti su biyo baya.

Malam, allurar da kake nema wa yaron Yakité ina nemanta tare da kai. Amma a cikin sirinjin akwai tambayar da sai an amsa: kinin ko artesunate? Shekaru da dama kinin ake yi wa yaran da zazzaɓi ya yi wa tsanani, har gwajin AQUAMAT a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara ya nuna a 2010 cewa artesunate na rage mutuwa da fiye da kashi 22 cikin ɗari, aka haɗa shi da gwaje-gwajen da suka gabata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'ida a 2011. Akwai tambayoyi irin wannan masu yawa da ke jiran amsa a asibitocin ƙasar nan, kuma amsar wasunsu an riga an rubuta ta. Ina roƙonka ka sake duba matsayinka, ka sa alƙalaminka mai kaifi cikin masu neman a ba likitocinmu wanda zai nemo musu ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.